Takalmana a Ƙofar Baba Idris

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi neman aure da takalmi, na dawo babu. Wata Juma'a ce a tsakiyar zafin 2012. Ina digiri na biyu a Alƙahira, fannin kwatanta addinai, kuma na yi wata shida ina koyon Ibrananci. (Wata shida shi ne lokacin da ɗalibi ya fi haɗari: ya iya haruffa, bai kai ga gane cewa bai san komai ba.)

Samira ƙanwar abokin karatuna ce, Usman, Bahaushen Sudan. Na shekara ina sonta a zuci kafin na faɗa masa. Ya ce, "Ya zol, mutumina, ni ba ni da ta cewa. Baba ya iso, ka zo ka gaishe shi. In ya yarda da kai, khalas, an gama. Amma ka sani ba ya son yawan magana." Na ji shawarar, na ajiye ta inda na saba ajiye shawarwari.

Gidansu yana hawa na biyar a unguwar Madinat Nasr. Na tuɓe takalmana a ƙofa, sababbi, na jera su yadda za a gani. Baba Idris yana zaune a kan darduma, siririn tsoho, sanye da safa baƙa mai kauri a wannan zafin. Na ce a raina tsoho ne mai son shafa a kan huffi. Na san sun baro wani ƙauye kusa da garin Damazin a Sudan saboda yaƙi. Usman bai taɓa ƙara komai a kai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Bayan an ci asida, tuwon mutanen Sudan, an kawo shayi, sai Baba Idris ya ce, "Ɗana, me kake karantawa ne?"

Mai hankali jimla ɗaya zai yi ya koma kan shayinsa. Ni kuwa a makon na gabatar da takarda a aji, tana nan da ɗuminta a bakina. Na ce masa littattafan Bani Isra'ila sun ruwaito cewa an umarci wani annabinsu ya tuɓe riga da takalmi, ya yi shekara uku yana yawo a gari ƙafa a ƙasa. Ba talauci ba ne, ba zuhudu ba ne, alama ce. Mutanen sun ƙi jin magana, sai ya mai da jikinsa gargaɗi: haka sarkin Assuriya zai ci Masar da Kush da yaƙi, ya kora mutanensu a jere, yaro da tsoho, babu takalmi.

"Kush ɗin nan kuwa, Baba, ƙasarku ce, Sudan ta yau," na ce, kamar na miƙa masa tsaraba.

Usman ya yi tari. Na miƙa masa ruwa na ci gaba. Na kawo ra'ayina na kaina, wanda malaminmu ya yaba: cewa takalmi mutunci ne, ana karɓe shi don a wulaƙanta wanda aka ci da yaƙi. Sannan (Allah ya yafe mini) na miƙe tsaye don in nuna. Na sunkuyar da kai, na mai da hannu baya, na riƙa jan ƙafa daga taga zuwa ƙofa.

"Ba haka ake tafiyar ba," in ji Baba Idris.

Na tsaya.

"Ba a jan ƙafa, ɗana. In ka ja, kafin azahar ƙasa ta kwashe maka fata. Ɗagawa ake yi, a sauke a hankali, ta gefe. Kuma ba don wulaƙanci suke karɓar takalmin ba. Wa yake da lokacin wulaƙanta ka? Don kar ka gudu ne."

Ya sunkuya ya zare safar. Ƙafar hagu babu yatsu biyu. Tafin ya tsattsage ya warke a karkace, kamar ɓawon tsohon icce.

"Kwana tara na yi suna kora mu a haka," ya ce. "Uwar Samira ta yi shida, ba ta ga na bakwai ba."

Ƙarar wanke kwanukan da Samira ke yi a kicin ta tsaya cak. Ni ina tsaye a tsakiyar ɗaki, hannuna har yanzu a baya, na manta ban sauke ba.

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi kashe ni kenan. "Annabin nan naka, mutanensa sun ji gargaɗin?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Akwai saɓani tsakanin malamai, Baba."

"To," ya ce, ya mai da safarsa.

Ban san yadda na yi sallama ba. Na sauko hawa biyar, na fita titi, sai da kwalta ta gasa mini tafin ƙafa na gane na baro takalmana a ƙofa. Komawa? Gara a yanke ƙafar. Na kama hanyar tashar mota ina jan ƙafa, sai na tuna, na fara ɗagawa ina saukewa ta gefe. Gaskiyarsa ce, ya fi sauƙi. Annabin ya yi shekara uku, tsohon ya yi kwana tara, ni kuwa ban wuce shago na huɗu ba na tsaya neman silifa. Mai shagon ya dubi ƙafata ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri ya shekh, a masallaci aka ɗauke?" Na ce e. Ƙaryar da ta fi kowace sauƙi a rayuwata kenan.

Bayan kwana uku Usman ya zo ɗakinmu da leda. Takalmana ne, suna ƙyalli.

"Baba ne ya goge su da hannunsa. Ya ce ka ci gaba da karatu, Allah ya ba da sa'a."

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan, ya zol."

Shekara na zagayowa Samira ta auri wani mai gyaran firji, wanda aka ce ba ya wuce kalma goma a wuni. Takardata kuwa ta sami maki mafi girma a ajin, da ra'ayin wulaƙancin nan a cikinta, ban ko gyara ba.

Yanzu ni ma ina koyarwa. In zan fassara wa mutane wata alama, sai na fara duban ƙafafun waɗanda ke ɗakin. In kuwa na ga tsoho da safa a cikin zafi, shayina kawai nake sha.