Tsuntsun da Ya Taya Ni Takaba

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da sati na uku na takabata ba. 'Yata Rabi ce ke rubutawa, ni ko alif ban sani ba, kuma na hana ta gyara mini magana.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara talatin yana kiwon tsuntsaye a istiraha, wato gidan hutun kafilinsa, Balaraben da yake wa aiki, can bayan gari. Kwana biyu kafin ciwo ya kayar da shi, ya shigo gidanmu na unguwar Manfuha da ɗan keji. A ciki akwai wani tsuntsu da bai kai tafin hannuna ba, ga ƙaton kai, gashi a bubbuɗe kamar audugar da aka shiɓe, ga 'yan tsirarun gashi a gindin baki kamar na tsohon ɗan sanda. Ya ce daga dazukan Barazil aka kawo shi, manyan tsuntsaye na cin zalinsa, zai riƙe shi a gida ya murmure. Ya ajiye kejin a lungun kicin. Aka kai Malam asibiti, bai dawo ba.

Ni na gaji tsuntsu. Na zuba masa gero, bai kalla ba. Na ba shi shinkafa, na ba shi dabino, na jiƙa burodi da madara na tura masa. Ko motsi. Yana nan kan sandarsa tun safe har la'asar, ya kumbura, ya ƙura wa ƙofa ido. Rannan na tsaya gabansa na ce, "Kai ma shi kake jira?" Sai kuka ya ƙwace mini. Daga ranar na yanke hukunci: tsuntsun nan takaba yake yi.

Ban bar wa cikina ba (ban taɓa iyawa ba). Duk matar da ta zo gaisuwa sai na ja ta kicin. Magana ta kai unguwar Batha, ta kai unguwar Sulay, mata suna zuwa a tasi su ga tsuntsun da ya daina ci saboda Malam. Har ƙanin Malam na yi wa gori a waya, don an ce an gan shi yana cin shinkafar kabsa yana dariya. Na ce, "Sule, tsuntsu ya fi ka kara." Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya."

Ranar wata Asabar, falo cike da mata, kafili ya aiko likitan tsuntsayensa, Dakta Usman, ɗan Sudan ne amma kakanninsa Hausawa, yana jin Hausa sarai. Ina daga bayan labule na ce, "Dakta, ka makara. Sati uku bai sa komai a baki ba. Baƙin ciki zai kashe shi."

Ya ɗauko kejin zuwa falo, ya sa hannu ya shafa ƙirjin tsuntsun. Ya ce, "Hajiya, wannan ai ya fi yadda na san shi ƙiba. Me kike ba shi?"

"Gero. Ba ya ci."

"Ba zai ci ba. Irinsu ba sa cin hatsi, ƙwari suke ci. Zaman nan da kike gani, farauta ce. A dajinsu haka yake wuni kan reshe kamar an dasa shi, fara ko ƙwaro ya gifta, ya cafke ya koma mazauninsa. Ko sheƙa ba ya yi a sama, rami yake haƙawa ya yi ƙwai a ciki."

Na ce da ƙarfina, "To a ina zai samu ƙwari a gidana?"

Da na sani da na haɗiye tambayar nan. Dakta ya ɗaga kwanon burodin da na jiƙa na ajiye cikin kejin. Kyankyasai uku suka fito a guje. Tsuntsun da na ce ya yafe duniya ya diro kamar walƙiya, ya cafke mafi girma, ya buga shi a sanda sau biyu, ya haɗiye. Ya koma ya kumbura, ya ƙura wa ƙofa ido.

Ni da nake zagin matan da ba sa goge bayan murhu! Sai aminiyata Hajiya Ladi ta ce, "Mashallah. Indo, ashe kullum walima kike haɗa masa." Mata suka danne baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Wata ta ce, "Halas, magana ta ƙare, a kira Sule a ba shi haƙuri." Dakta kuwa, bawan Allah, ya ƙara da cewa da ba don gidan na da albarka ba, da tuni tsuntsun ya mutu.

Ya tafi da kejin. Da la'asar na kira Sule, na ba shi haƙuri, sai na ji babban mutum yana shessheƙa a waya, ya ce tun rasuwar bai yi barcin kirki ba. Muka yi kukanmu tare, har Rabi ta karɓe wayar.

Har gobe ina kukan Malam, ba na ɓoyewa. Amma na daina auna baƙin cikin mutane da cin abincinsu. Kafin ki ce wani na taya ki kuka, 'yar nan, ɗaga kwanon ki duba tukuna.