Rasuwar Petisa, Mai Taƙaita Lambobi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi shi ɗaci, ni Eulalia Condori, mai awon ruwa a ɗakin gwajin gundumarmu, nake sanar da rasuwar Petisa, 'yar guntuwar manhajar da na rubuta da hannuna a harshen kwamfuta na Python.

Marigayiya ba ta da yawan magana. Idan na'ura ta auna zaibar da masu wankin zinariya ke zubawa a kogi, ta amayo 4.000000e-03, sai Petisa ta kakkaɓe sifilin banza ta miƙo 4e-3, daidai faɗin takardar da muke mannawa a kwalbar ruwan da muka gwada. Matan ƙauyukan gangare ba su shiga aji don wannan ba, amma sun haddace: e-3 kada a ba yaro, e-5 a ɗora miya. Muryarta ɗaya ce, tsirit-tsirit a bakin firinta.

Ciwon ajalinta ya shigo da kwat da turare, sunansa Don Fulgencio Ticona, sabon darakta. Ya ɗaga kwalba ya yatsine fuska.

"Ke Eulalia, me harafi yake nema a tsakiyar lamba? Kaza ce ta taka? A yi mini gida biyu bayan ɗigo, kamar na mutanen kirki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zaibar za ta ɓace."

Ya ce, "To dama me muke so?"

Ranar aka goge ta. Tun daga nan kowace kwalba 0.00 take cewa, mai guba da marar guba, har Don Fulgencio ya tara 'yan jarida ya shaida musu kogi ya warke.

Ta bar mijinta firinta, wanda yanzu yake buga ƙarya ba da son ransa ba. Ta bar Doña Hermelinda mai jikoki, ɗaya daga cikin matan gangare, wadda ta zo jiya ta jujjuya kwalba ta ce, "'Yata, ina ɗan harafin nan? In ba jikokina ruwan ko kar in ba su?" Na ce kar ta ba su. Amma ƙauyukan da yawa, bakina kuwa ɗaya ne, kuma tsoro nake ji.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bakin kogi, ƙasa da wurin wankin zinariya. A zo da baƙaƙen kaya, akwai ganyen koka, wanda muke taunawa a zaman makoki. Ba za a raba lemo ba. Ruwan kogi za a ɗebo, mai 0.00, kuma Don Fulgencio, a matsayinsa na babba, shi zai fara sha.