Ranar da Darakta Ya Ƙaddamar da Wake

Idan ana lissafin mutanen da talauci ke tsoro, to a fara da Daraktan cibiyar binciken noma. Shekara goma sha ɗaya yana yaƙar talauci daga ofishinsa mai sanyi a hawa na biyu, kuma ko sau ɗaya talaucin bai yi ƙarfin halin hawowa ba. Ma'aikata sun laƙaba masa Gagara-Fatara. Da labarin ya kai kunnensa sai ya ɗauka lambar yabo ce, ya ce ai gaskiya ba ta ɓuya.

Yana ƙaunar manoma matuƙa. Hotunansu ne cike da bangon ofishinsa. Abin da bai cika so ba shi ne su zo da kansu, domin suna shigowa da ƙasa a ƙafa.

A can bayan ginin akwai wata mai bincike da ake kira Malamar Wake. Shekara shida ta yi tana tsugune a rana, tana haɗa wannan iri da wancan, har ta samo waken da ke nuna cikin kwana sittin. Ba ƙaramin abu ba ne. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa da wuri, waken ƙauyukan da ke kewaye yana bushewa da furensa, gidaje da dama sun koma cin abinci sau ɗaya a yini.

Da Darakta ya ji, sai ya tara kowa ya taya kansa murna. Ya ba da umarni kada ƙwaya ɗaya ta fita daga sito sai an yi bikin ƙaddamarwa, da babban baƙo daga ma'aikatar gona, da 'yan jarida, da ƙyalle mai hotonsa. Malama ta tuna masa cewa hadari ya fara haɗuwa.

"Malama," in ji shi, "ki bar ruwa ya yi aikinsa, mu yi namu. Kimiyya ba ta gaggawa."

Ruwa kuwa bai karanta takardar umarnin ba, ya sauko. Babban baƙo ya ɗaga ranar zuwansa, ya sake ɗagawa. Darakta bai damu ba, dama telansa bai gama ɗinki ba.

Malama ta kwana biyu tana duban sama tana duban ƙofar sito. Ta san in ta taɓa irin nan tana iya rasa aikinta. A rana ta uku ta sami mai sito, wani dattijo da ƙannensa duk manoma ne. Kafin ta gama bayani ya ce mata mabuɗin nan dama ya yi masa nauyi a aljihu. Suka loda irin a tsohuwar motar cibiya, suka bi ƙauye-ƙauye suka raba.

Sai bayan mako biyar aka tsayar da ranar biki. Ana jajibiri mai sito ya fita, ya dawo da buhun wake guda, bai ce daga inda ya samo ba. Aka naɗe shi da farin yadi, aka ɗaura masa jan zare.

Ranar biki Darakta ya yi jawabin awa ɗaya da rabi. Ya fara daga ranar da ɗan Adam ya soma huɗa, ya gangaro har zuwa ranar da shi ya kama aiki. Manoma suna tafi a inda suka ga ma'aikata sun tafa, hankalinsu na kan ciyawar da ke jiransu. Daga nan ya yanke zare, ya damƙo wake cikin tafin hannu, ya ɗaga sama.

"Ku dubi ƙwayar nan," ya ce. "Idon da bai yi karatu ba zai ce wake ne kamar kowane wake. Ni ko a duhu aka miƙo mini, daga ƙamshi zan gane shi."

Don a shaida cewa shi ma ɗan manoma ne, ya shirya goggonsa ce za ta karɓi damƙin farko. Yayar mahaifinsa ce, ita ta goye shi. Ta taso a hankali, ta tsaya daidai bakin lasifika, ta leƙa hannunsa.

"Auta, me zan yi da wannan? Namu ai har ya fara fure."

Darakta ya yi dariya, ya ce tsohuwa ba ta fahimta ba. Goggo ta ce ta fahimta sarai. Yarinyar nan mai hular rana ce ta kawo musu tun ruwan farko, Allah ya yi mata albarka, kowa a ƙauyen ya shuka. Manoma suka tafa, wannan karon ba tare da sun jira kowa ba.

Babban baƙo ya tambaya, to mene ne a cikin buhun? Mai sito ya shiga gyara igiyar takalminsa. Goggo ta ce wakenta ne na bara, ɗan abin da ya tsira, jiya aka zo aro.

Nan fa aka ga gwaninta. Darakta ya gyara murya, ya bayyana cewa wannan shi ne sabon salon da ya daɗe yana nazari, wato iri ya riga biki isa gona. Sai dai bai kai ƙarshen bayanin ba, babban baƙo ya miƙe ya ce Malama ta kai shi ya ga gonakin. 'Yan jarida suka bi su, manoma suka bi 'yan jarida.

Aka bar Gagara-Fatara a kan dandamali, hannunsa a sama, cike da wake. Goggo kaɗai ce ba ta tafi ba.

"In ka gama da shi, a ɗaure bakin da kyau a mayar mini," ta ce. "Na hannunka ma zuba shi ciki, abincin jikoki ne."