Rasuwar Ƙwayoyin Tace Ruwan Gidanmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta hana ni zama wuri ɗaya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar ƙwayoyin tace ruwan gidanmu, waɗanda muke kira Ƙwan Kifi saboda ƙanƙantarsu. Sun cika jiya da hantsi, a kan faranti, a tsakar gida.

Marigayan 'yan roba ne, haifaffun ɗakin gwaje-gwajen da ƙanena yake aiki. Shi ya jiƙa su da wani sinadari mai cafke dalma, ya ɗura su a bututu, ya ɗaura mana a bakin randa, tun da aka gano ruwan masu fasa batir na bayan layinmu yana tsiyaya cikin rijiyarmu. Sun rayu cikin haƙuri da kawaici, suna haɗiye guba a madadinmu. Ba mu taɓa jin bakinsu ba sai ɗis, ɗis, ɗis.

Ba su yi doguwar jinya ba. Mahaifiyata ce ta zo ganin jikarta, ta leƙa bututun, ta ga sun rine sun yi ja. Ta ce ita ba ta haifi ƙazamai ba. Ta juye su a bilic, ruwan nan na farar da tufafi, ta cuɗa su da ƙarfin da Allah ya ba ta, ta shanya a rana. Na dawo na tarar sun yi fari tas, sun farfashe. Ƙanena ya ce jan nan shi ne lafiyarsu, kuma haɗa wasu zai ɗauki makonni. Na ji haushi, amma wa zan yi wa faɗa? Har yanzu tana cewa ai sun fi kyau haka.

Sun rasu sun bar bututu fanko, da randa, da matata mai kallon rijiya kamar maƙiyiya, da jaririyarmu da ake dama wa madara da ruwan nan. Tun jiya nake safa da marwa tsakanin ƙofa da randa, ina buɗe murfi ina rufewa.

Ba za a binne su ba, don ƙasa za ta mayar mana da abin da suka haɗiye. Za a rufe su a kwalba, ƙanena ya tafi da su bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Masu zuwa su taho da ruwan shansu, in ya yi saura, don Allah a bar wa yarinyar.