Na Kori Ƙarfen Waya Daga Makaranta, Ya Dawo Bayan Gidana

Jama'a, ku taya ni jaje. Ranar Litinin na ɗaure ƙuguna da sarƙar keke a jikin wani dogon ƙarfe da aka kafa a bakin firamaren unguwarmu, inda jikata take aji biyu. Na ji labari kamfanin waya zai kafa ƙarfen sabis dab da filin wasan yara, na rantse sai dai su kafa shi a kaina.

Ina tsaye da kwalina na zanga-zanga, rana na gasa min ƙeya, sai ga shugabar makarantar, Malama Tuilagi, ta fito. Ta dube ni cikin tausayi ta ce, "Baba Desmond, wannan ai sandar rumfar inuwa ce da iyaye suka saya wa yara. Na kamfanin ko rami ba a haƙa masa ba."

Na laluba aljihu in kwance kaina, babu makulli. Na ɗauko waya in kira matata Noelene, babu sabis, kamar kullum a wannan kwarin namu. Maƙwabcina Kostas mai soya kifi da dankali ne ya zo da zarto. Yana yanka yana dariya, wai da akwai ƙarfen sabis kusa da tuni an cece ni. Na ce masa ya yi aikinsa, ba shawara na nema ba.

Ni dai tsohon direban bas ne, ban san ko ƙarfen nan yana cutarwa ko ba ya yi ba. Abin da ya ɓata mana rai shi ne ba wanda ya tambaye mu. Jikokinmu ne za su wuni a gindinsa, amma a bakin mai yankan ciyawa muka ji zancen.

Da hotona ya yaɗu a gari, manyanmu masu albarka suka kira taron jin ra'ayi. Allah ya ƙara musu basira, suka sa shi da hantsin ranar aiki, lokacin da duk mai ɗa a makarantar yana wurin neman abinci. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya zo, Galadiman Muna Dubawa na biye da shi. Kuɗin biskit da furannin da aka jera a zauren sun isa gyara ramukan titinmu. Wani injiniya ya nuna zane-zane, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar na gane.

Da aka miƙo min makirfo sai jini ya hau kaina. Na ce, "Ranku ya daɗe, ku ɗauke shi daga kan yaran nan. Ku kai shi ko'ina, ko da bayan gidana ne!" Aka yi ta tafi. Noelene kaɗai ta rufe fuska da jakarta.

Tun da nake ban taɓa ganin hukuma ta saurari talaka da sauri haka ba. Shekaru muna roƙon fitilar tsallaka titi, shiru. Amma kafin mako ya zagayo masu awon ƙasa sun iso lungun da ke bayan katangata, sun buga turaku daidai inda rana ke faɗo wa tumatirina.

Na je wa Kostas da maganar sabuwar zanga-zanga. Ya juya kifinsa ya ce yanzu kam ya gamsu da bayanin injiniya. Iyayen yara sun aiko min da kek. Jikata ta gaya wa 'yan ajinsu kakanta jarumi ne, to da wane baki zan janye?

Kamfanin ya yi alkawarin yi wa ƙarfen fenti da rassan roba don ya yi kama da itace. Idan kun biyo ta layinmu kun ga wata bishiya da ta fi cocin gari tsawo, ba ta 'ya'ya, tsuntsu ma ya ƙi sauka a kanta, ku shigo mu sha shayi. Ku dai zo da tumatirinku.