Yadda Za Ka Ci Bashin Firij Surukarka Ba Ta Ji Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi matakan nan shida, na yi maka alkawari za ka sha ruwan sanyi, matarka ta riƙa kallonka kamar wata ɗan daren sha huɗu, surukarka kuwa ko ƙishin-ƙishin ba za ta ji ba. An gwada su a kan aminina Dogo, mai gyaran fanka, kuma har yau yana numfashi.

Mataki na 1: Ka so ta fiye da ƙarfin aljihunka

Wata rana da zafi, amaryarsa Gimbiya ta kurɓi ruwa ta ɗan yamutsa fuska. Shi ke nan, zuciyar Dogo ta narke. Washegari ya shiga shagon kayan wuta, ya ɗauko firij mai ƙofa biyu, biya kaɗan-kaɗan har wata goma, ya ce mata lakadan ya biya. Nan take ta buga wa mahaifiyarta waya, yana laɓe yana ji Mama ta ce, “Ashe yaron nan namiji ne.”

Riƙe wannan magana da kyau. Ita za ka kare da jininka, firij ɗin rakiya ya yi.

Mataki na 2: Kada ka karanta takarda

Za a ce maka haƙƙinka ne ka karanta yarjejeniya, ka tambayi jimillar abin da za ka biya, ka karɓi kwafinka. Gaskiya ne, amma wa ya taɓa ganin masoyi yana bin ƙananan rubutu? Shafi huɗu ne, baƙaƙe kamar jerin tururuwa. Sa hannu kawai. Kwafin kuwa, Dogo ninke shi ya yi sau takwas ya tokare ƙafar firij, don daɓen ɗakin ya ɗan karkace. Ilimi mai amfani ke nan.

Mataki na 3: Ka ba da lambar da ke zuciyarka

Akawun shagon zai nemi lambar wanda za a kira in an rasa ka. Ranar wayar Dogo ba caji, kuma duk duniya lamba ɗaya ya haddace: ta Mama. Shekara biyu yana neman Gimbiya, ta wannan wayar yake samunta, in tsohuwa ta ɗaga ya gaishe ta har da durƙuso ko da ba ta ganinsa. Ya rattabo lambar babu tuntuɓe, har da ɗan murmushin tuna baya. Wayyo so! Wane malami ne ya kai ka koyar da hadda?

Mataki na 4: Ka zama lauya cikin kwana guda

Wata uku zai tafi sumul. A na huɗu sanyi zai sauko, kowa ya manta yana da fanka, aljihu ya bushe. Kada ka je shagon ka roƙi a sassauta maka, wannan aikin masu hankali ne. Buɗe waya ka haddace haƙƙin wanda ake bi bashi.

Da mai karɓar kuɗin shagon ya tsaya da babur a ƙofar gida, Dogo ya fito ƙirji a gaba. Ya sanar da shi cewa ba shi da ikon shiga gida sai da izini, ba zagi, ba barazana, ba tara masa jama'a. Duk wannan huɗuba cikin raɗa ya yi ta, domin Gimbiya na tsakar gida tana shanya.

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, “Malam, ni fa sallama kawai na yi.”

Mataki na 5: Kashe waya

Masu iya magana sun ce in ba ƙira me ya ci gawayi. Ni kuwa na ce in ba kira, babu bashi. Dogo ya kashe wayarsa kwana tara, ya samu barci mai daɗi irin na jarirai. Shago ya neme shi ya rasa, sai aka duba takarda, aka kira lamba ta biyu.

Mataki na 6: Ka nemi kujera

Da hantsi sai ga Mama, mai karɓar kuɗin nan na biye da ita kamar ɗan makarantar da aka kamo. Shekara talatin ta yi tana sayar da yadi bashi a kasuwa. Ta zauna, ta ɗora tabarau, ta ce mai karɓar kuɗin ya miƙo takardar shago. Ta bi ta layi-layi da ɗan yatsa, Dogo na tsugune yana ƙirga tayil.

Ta tambaya ina aka rubuta tarar latti da mutumin ya ɗora. Babu. Ta ce ya soke. Ta nemi rasidin wata uku, ya fara lalube. Ta ce ita ba ta tsaya wa kowa ba, ba ta sa hannu ba, to da wane dalili aka karanta mata bashin wani a waya? In yana so, su tafi ofishin kare masu saye yanzu. Bawan Allah ya jiƙe da gumi a cikin sanyin nan, har ta sa aka ɗebo masa ruwa.

Dogo ya fara ɗago kai, yana jin kamar a kotu ya yi nasara. Sai Mama ta buɗe jaka, ta biya ragowar gaba ɗaya, ta karɓi rasidi da sunanta, ta juyo.

“Ɗana, ƙarshen kowane wata ka kawo mini da ƙafarka. Wayar kuma a bar ta a kunne.”

Gimbiya, da ke tsaye a bakin labule tun ɗazu, ta ce a hankali, “Da ka ce bashi ne, da tuni ina sayar da ƙanƙara.” Kwana biyu ruwan randa ta riƙa ba shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba: ko zubewar girma, ko ciwon gwiwa, ko ruwan randa. Wanda ya ce na saɓa alkawari ya tuna ba daga bakin Dogo Mama ta ji ba. Kuma kada a wahalar da kai, Dogo ya riga ya je ofishin kare masu saye ya tambaya. Sun ce doka tana kare mutum daga shago da banki, amma ba su da fom na ƙarar suruka.