Har Janareta Ya Koma Aiki Daga Gida

Jama'a, ranar Litinin na taso daga Sundimina da takardar 'yata Ummussalma a aljihu. Makarantar koyon jinya ta ɗauke ta, saura hatimi ɗaya tak, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Awa uku na yi a layin mai a Birnin Kudu, ni da babur muna gasuwa. Da na isa ofishin da ake buga hatimin, sai na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, ga akuya kwance a baranda tana tuƙa.

Maigadin wurin, Baba Hambali, ya ce ai zamani ya zo, yanzu daga gida ake aiki. Na leƙa ta taga: ba kujera, ba fanka, ba labule. Ya ce duk sun bi Yallaɓai shugaban ofishin, don ba a raba hanta da jini. Janareta fa? Ai shi ya fara yin gaba.

Ni fa ba na ƙin abin. Sylvia, 'yar maƙwabcina Mark, a ɗakinta take yi wa wani kamfani na Legas aiki da kwamfuta, goyo a baya, kaji a tsakar gida. Ba ruwanta da layin mai, kullum tana kusa da mahaifinta mai ciwon ƙafa. Amma ta ce mini in la'asar ta yi ba ta tura aiki ba, kora ce. To su manyanmu, Allah ya ja zamaninsu, sun ɗauki gidan sun bar mata aikin.

Mai nema yana tare da samu. Na ce a nuna mini gidan Yallaɓai. Baba Hambali ya tambaye ni wanne daga ciki. Na zaɓi na Gwaram, shi ne man babur ɗina zai iya kaiwa.

Washegari ina shiga layin gidan na yi arba da tsofaffin sani. Taraktar da aka yi mana alkawari bara tana ta huɗa a gonar bayan gida. Rijiyar burtsatsen da aka ƙaddamar da sunan ƙauyenmu tana ba mangwaro ruwa. Kowa na aiki tuƙuru, daga gida.

Hajiya, matar Yallaɓai, ta fito ta ce ba ya nan, sati biyu ke nan yana wani otal a birni, ana taron bita kan amfanin aiki daga gida. Na zauna a dakali na faɗa mata abin da ya kawo ni. Da ta ji labarin yarinyar sai ta tausaya.

"Malam, in don hatimi ne, yana kicin. Da shi nake buga wa robobin zoɓona, saboda masu jabu."

Ta danna mini shi a juye, takarda na ƙamshin citta. Makaranta kuwa ta karɓa, ko tari ba su yi ba. A iya sanina, ba a taɓa sallamar talaka a minti biyu da wannan hatimin ba sai a hannun Hajiya.

Da na dawo na shaida wa uwargidana Kubra cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, don haka daminar bana daga kan tabarma zan yi noma. Ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba, ta ce hakan ya yi, ita ma daga gidan iyayenta za ta riƙa tuƙa mini tuwo.

Ku yi mini uzuri, zan je in wasa fartanya.